Karan Shinkafar Baba Bawa

Baba Fasto Bawa ya rasu.

Da safiyar nan labarin ya same ni, ina cikin yi wa yara allurar rigakafi a ƙaramin asibitin da nake aiki. Waya ta yi ƙara, na ga baƙuwar lamba, na ɗauka ba da son raina ba. Muryar namiji ce. "Malama Rifkatu? Hudu ne, mai gonar bakin kanal. Ki zo Kura yanzu, muna asibiti, Baba ne ya faɗi."

Kafin in sami mai babur in isa, an riga an rufe shi da zane.

Ban so yin rubutu yau ba. Na so in zauna kusa da matarsa, Mama Fasto, in yi kukana kamar kowa. Amma tun kafin azahar hotonsa ya fara yawo a gurup-gurup na waya, yana kwance a kan tabarma, wandonsa duk taɓo, haɗe da wani saƙon murya da ke cewa wai buge shi aka yi a gonar Malam Hudu. Wanda ya yi saƙon bai faɗi sunansa ba. Ni kuwa ga sunana, Rifkatu, kuma kowa ya san ƙofar gidana.

Ba wanda ya taɓa Baba.

Ni na wanke masa taɓon nan da hannuna. Na duba shi tun daga ƙeya har tafin ƙafa, ko ƙwarzane babu. Hawan jini ne, kuma ni nake gwada masa shi shekara da shekaru, ina yi masa faɗa yana yi mini dariya.

Don Allah ku karanta har ƙarshe kafin ku tura wa wani komai. Musamman kai Ishaku, shugaban matasanmu, da waɗanda suka taru tare da kai a bakin coci da babura. Na kira ka har na gaji, ba ka ɗauka ba. Na san kana onlayin, ina ganin koren ɗigon.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Baba Bawa shi ne faston ƙaramin cocinmu a wani ƙauye gefen Bunkure. Gidajenmu na Kirista ba su da yawa. Muna tsakiyar maƙwabtanmu Musulmi, ruwan kanal ɗaya muke ba gonakinmu, mota ɗaya ke kwashe tumatir ɗinmu da nasu. A nan aka haife shi, a nan ya tsufa.

Yana da wata ɗabi'a a wa'azi da na daɗe ina jayayya da shi a kanta. Baba ba ya zaɓen aya. Idan ya ɗauki sashe ɗaya na Littafi Mai Tsarki, daga farkonsa zai fara, aya bayan aya, Lahadi bayan Lahadi, yana bayyana abin da wurin ke nufi da abin da ya shafe mu a ciki, har ya kai ƙarshe ko da shekara biyu za a yi. Inda lokaci ya ƙare, sai ya sa wani busasshen karan shinkafa a wurin ya rufe Littafin. Mako mai zuwa daga kan karan nan za a tashi. Ko ana biki, ko ana makoki, ko tsutsa ta cinye tumatir ɗin gari kaf. Kirsimeti da Ista ne kawai yake ɗaga mana ƙafa.

Mun taɓa sayo masa abin sa alama mai kyau daga Kano, mai jan ƙyalle. Ya yi godiya sosai, ya ba jikarsa ta ɗaure kai. Karan ya ci gaba da aikinsa.

Abin yana da amfani, ba zan ɓoye ba. Surukata ba ta san ko bihim ba, amma idan kika fara mata labari daga Littafi za ta gaya miki abin da ya zo kafinsa da abin da ya biyo bayansa, don a jere ta ji shi. Fastocin waya ba sa iya ruɗa ta. Idan jikokinta suka kunna mata wani yana ihu da aya guda, sai ta ce, "To ya karanta ta samanta mu ji." Maganar Baba ce ta haddace. Kullum yakan ce mana, "Kada wani ya miƙo muku aya ita kaɗai ku karɓa. Ku karanta ta samanta, ku karanta ta ƙasanta."

Kuma ba wanda ya isa ya ce Baba ya hau bagadi don ya yi masa habaici. Kun tuna wani dattijonmu, ba zan kama suna ba, wanda kunyar iyakar gonarsa take matsawa kaɗan-kaɗan cikin ta maƙwabcinsa kowace shekara? Muna tafe muna tafe, sai ga mu dab da wurin da ya yi magana a kan matsar da iyaka. Masu karatu sun leƙa gaba, magana ta zaga gari, ran Lahadi coci ya cika har waje. Dattijo kuwa zazzaɓi ya kama shi, bai zo ba. Ya manta cewa Baba kullum sai ya yi bitar makon jiya kafin ya ci gaba. Lahadin da ta biyo ya zo ya zauna a benci na gaba, ya sha ta daga farko har ƙarshe. Shi ma ya san ba don shi aka kawo wurin ba. A ranin nan kunyar ta koma inda take.

Amma ni na ɗanɗani ɗaya gefen, kuma da ɗaci.

Shekarar da mota ta buge maigidana a kan babur a hanyar Zariya, Lahadin farko bayan jana'iza na ja ƙafa na je coci. Kalma ɗaya nake nema. Ɗaya tak, da zan riƙe in koma gida da ita. Baba ya buɗe kan karansa, sai ga mu a wurin da ake lissafa tsawon katakai da faɗin labulai na wurin sujada na zamanin dā. Ya bayyana kamu nawa ne, ya bayyana irin zaren, har da zanen hannu a iska. Ina zaune da yara marayu a gefena, ina jin bayanin labule. Wallahi ban taɓa jin haushin mutum kamar na ranar ba.

Har yau ban yarda ya yi daidai ba. Na faɗa masa yana raye, ina kuma faɗa yanzu.

Washegari da sassafe na fita don in ga irin albasar da marigayi ya bari ba a dasa ba. Na tarar da Baba a durƙushe a cikin gonar, ya naɗe ƙafar wando, ya yi nisa da dashe. Na tsaya a kansa na ce, "Baba, jiya ka ga halin da nake ciki, amma labule ka karanta mini."

Bai ɗago ba. Ya ce, "'Yata, a kan bagadi ba ni nake zaɓa ba. Nan kuwa ni na zaɓa. Miƙo mini wancan damin."

Har aka cire albasar nan, duk ranar da layin ruwa ya zo kanmu, shi yake zuwa ya ba ta ruwan. Haka yake. Ya ɓata miki rai ran Lahadi, ya sa ki rasa bakin magana ran Litinin.

Yanzu ga abin da ya kawo mu yau.

Kowa ya san ruwa ya yi ƙasa a kanal bana. Gonar Malam Hudu tana sama, ta su Ishaku tana ƙasa, hanyar ruwa ɗaya ce. Yaran Malam Hudu suka jera buhunan yashi suka tare, ruwa ya daina sauka, tumatir ɗin su Ishaku ya fara yaushi yana cikin fure. Markus, ƙanen Ishaku, ya je ya janye buhu, aka yi cacar baki, aka kai ga hannu, ɗan Malam Hudu ya ɗaga fartanya. Ni na ɗinke wa Markus kai. Ba ƙaramin rauni ba ne, kuma ba zan ce wa kowa ƙarami ne ba. An zalunce su.

Amma rigimar ruwa ce. Irinta ake yi tsakanin wa da ƙane a kan kanal ɗin nan kowane rani, har a cikin gida ɗaya. Sai dai wannan karon ɗaya Markus ne sunansa, ɗayan kuma ɗan Hudu, shi ke nan magana ta canza riga kafin ta isa gari.

Lahadin da ta wuce coci ya yi tsit irin wanda ban taɓa ji ba. Matasa sun jeru a baya, hannu a harɗe. Uwar Markus tana share hawaye da bakin gyale. Kowa yana jiran Baba ya ce wani abu.

Muna cikin wata doguwar wasiƙar manzo da muka fara tun bara. Ya buɗe kan karansa. Wurin yana magana ne a kan baiwa iri-iri a cikin jama'ar Allah, mai koyarwa, mai hidima, mai bayarwa. Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya a tsanake, kamar ba abin da ya faru a gari. Ni kuwa Littafina yana buɗe a cinyata, idona ya riga ya sauka ƙasa. Layi kaɗan ne tsakaninmu da wurin da ya hana ramuwa, wurin da ya ce a bar wa Allah sakayya, har ya ce idan wanda ya cuce ka yana jin ƙishi ka ba shi ruwa. Ga shi nan a shafi ɗaya! Ina ta yi masa alama da ido. Ya duba agogo, ya sa karansa, ya rufe Littafi, aka tashi waƙa.

Matasa suka fita ba su jira albarka ba. Na ji ɗaya yana cewa, "Tsohon nan ba ya duniyar nan."

Ran Litinin ya zo gwajin hawan jini kamar yadda ya saba. Ganinmu na ƙarshe ke nan. Ina ɗaura masa abin awo a hannu ina huci.

Ya ce, "Likita, yau kuma me na yi?" Haka yake kirana don tsokana, ya san ni ba likita ba ce.

Na ce, "Baba, layi nawa ya rage? Da ka tsallaka mana. Sau ɗaya a rayuwarka, ka tsallaka."

Ya ce, "Idan na tsallaka don su, za su ce na ɗauko aya na jefe su da ita don in kare Hudu. Ba za su ji ta ba. Idan muka isa wurin da ƙafarmu, sun san ba ni na kawo ta ba, ita ta zo ta same mu."

Na ce, "Kafin ta zo ta same mu an zubar da jini fa?"

Na ga abin ya shige shi. Can ya ce, "Ina tsoron haka ni ma. Amma duk ranar da na fara zaɓe, na koya musu zaɓe. Gobe wani zai zaɓo musu wadda ta fi daɗi."

Na duba awon. Ya hau sosai. Na ce masa ya je ya kwanta, ban da rana, ban da gona, ban da ɗaukar ko bokiti, ya sha maganinsa. Ya ce to. Ya kai bakin ƙofa ya juyo yana murmushi. "Littafi ne yake da babi-babi, Likita. Ƙafata ba ta da shi, ina iya kai ta inda na ga dama."

Na ɗauka wasa yake yi.

Abin da ya faru da safen nan, daga bakin Malam Hudu na ji shi, a barandar asibiti, da mata biyu masu tsinkar tumatir da suke wurin, kuma ɗayarsu 'yar zumuntar matanmu ce, kuna iya tambayarta. Ashe tun ran Litinin ɗin Baba yake zuwa wurin Malam Hudu, su zauna a gindin mangwaro. Ba wa'azi ya je yi masa ba. Tare suka yi kiwon awaki suna yara. Jiya suka gama magana, Malam Hudu ya yarda za a kwashe buhunan, za a koma layin ruwa yadda yake, kuma zai kawo ɗansa ya durƙusa gaban uwar Markus.

Yau da hantsi suka haɗu a bakin kanal. Yara suka fara janye buhuna. Malam Hudu ya ce, "Malama, na ce masa Fasto ka zauna, yara za su yi. Ya ce a'a, yana so idan ya je gaya wa Ishaku, ya ce masa da hannunsa ya cire." Ya naɗe wando ya shiga ruwa. Ya kama buhu ɗaya tare da Malam Hudu suka ɗaga, jiƙaƙƙen yashi, kun san nauyinsa. Ya fito ya zauna a kan gaɓa, ya dafe kai ya ce yana ganin jiri. Shi ke nan ya kife.

Tabarmar da kuke gani a hoton nan ta sallar Malam Hudu ce. A kanta suka kwantar da shi kafin a samo adaidaita sahu. Ɗan da ya sari Markus shi ya riƙe kan Baba a cinyarsa har Kura. Taɓon da ke wandon Baba, irinsa ne a wandon Malam Hudu, na gani da idona. Mutumin yana tsaye a baranda yana ta Innalillahi, hawaye na bin gemunsa, yana ce mini, "Da na sani da na ɗaure shi a jikin mangwaron nan."

Wanda ya ɗauki hoton ya yanke abin da ke samansa, ya yanke abin da ke ƙasansa, ya miƙo muku tsakiya. Duk wanda ya zauna a gaban Baba ko na shekara ɗaya ya san abin da ake yi da irin wannan.

Na kuma ga wani mai wa'azi daga birni, wanda ya taɓa zuwa mana taron farkawa da lasifikoki, ya sa hoton a shafinsa da aya guda a kan yaƙi, ya ce zai zo ran Lahadi ya tsaya mana. Malam, mun gode. Baba ya ce za a zaɓo wa matasanmu ayar da ta fi daɗi, ban zaci tun kafin a binne shi ba ne. Idan wuta ta tashi a ƙauyen nan, kai motarka za ka shiga ka koma birni. Mu ne za mu kwana a nan, da surukata da ba ta iya gudu, da Mama Fasto, da Markus mai ɗinki a kai.

Ina jin haushin Baba, kada ku ɗauka ban ji. Zuciyata tana ce mini da ya tsallaka layukan nan ran Lahadi, wataƙila da matasa sun sauko, da bai ga dole sai ya shiga kanal da kansa ba, da yanzu yana gida yana tsokanar jikokinsa. Wata zuciyar tana ce mini da ya tsallaka ɗin, da sun ce ya sayar da su, da yau ba ni da abin da zan tsaya a kai in yi muku magana. Ban san wadda ta fi gaskiya ba. Shi kaɗai nake yin wannan gardamar da shi, ga shi ya tafi bai bar ni na ci ba.

Ishaku, ƙanena. Na san abin da ke cin ka. Ka ga jinin ɗan'uwanka, ka ga gonar ubanku tana mutuwa, ka zo coci ba a ce maka komai ba. Ni ma na taɓa zama a bencin nan aka karanta mini labule. Ban ce ba ka da gaskiya ba.

Abu biyu kawai nake roƙonka kafin ka tayar da babur ɗin nan.

Na farko, kana bakin coci. Shiga ciki. Littafin yana kan bagadi, karan yana nan inda ya bar shi, ba wanda ya taɓa. Buɗe ka karanta wa yaran abin da ke ƙasansa, da ƙarfi, har ƙarshen babin. Ba ni na zaɓa ba, ba Malam Hudu ba, ba Baba ba. Tun bara muke tafiya zuwa wurin, kai ma kana cikin tafiyar.

Na biyu, in ka gama, ka je gona. Kai kaɗai, ba da sanda ba. Matan da suka dawo daga can sun ce ruwa ya sauka tun da hantsi, ya shiga tumatir ɗinku har layin ƙarshe. Ba wanda ya je ya juya shi, yana ta malala a banza. Ruwan da Baba ya buɗe maka ne. Je ka ba gonarka kafin layi ya wuce.

Ya Ubangiji, ka karɓi bawanka Bawa, ka ba shi hutun da ya ƙi yi a nan. Ka riƙe Mama Fasto da 'ya'ya da jikoki. Ka warkar da Markus. Ka sanyaya zuciyar Malam Hudu da ke ganin kamar laifinsa ne. Ka kama hannun matasanmu da na maƙwabtanmu yau ɗin nan, kada wani gida a ƙauyenmu ya ƙara yin makoki a makon nan.

Duk wanda ya karanta wannan, Kirista ko Musulmi, don Allah ya tsaya ya yi mana addu'a yadda ya iya. Idan hoton nan yana wayarka, ka goge shi. Idan kana da lambar Ishaku, ka kira shi ka ce masa Anti Rifkatu ta ce ruwa na gona.